Kwalekwalen Kakana

Jiya muna rushe tsohon rumbu a gidanmu na Gure, sai ga wani katako mai lanƙwasa. Zan jefa shi cikin itacen wuta, Goggo Falmata, ƙanwar babana, ta ce, "Ajiye, ɗana, kwalekwalen kakanka ne."

A shekarun 1930 ya ɗauko shi bisa raƙuma daga Tafkin Chadi, bayan ƙanensa, wanda masunci ne, ya nutse. Kakana manomi ne, bai iya gyara ba. Ya ɗinke, rana ta tsaga. Ya toshe, gara ta ci.

"Ya taɓa hawa ruwa, Goggo?"

"Sau ɗaya, a tafkin Gidigir, nan take ya nutse. Sai a ranar Baba ya yi kukan ƙanensa."

Allah ya jiƙansu. Ku fa, me kakanninku suka bari wanda ba ku tambayi labarinsa ba?