Gadar Mastura Opa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, bakwai ga watan Maris, ina tsakiyar darasi labari ya iso mini cewa Allah ya karɓi ran Mastura opa, wato yaya Mastura a harshenmu, shugabar gidan tarihin garinmu, bayan doguwar jinya. Na ajiye alli na sanar da ɗalibai, domin babu yaron da bai san ki ba a ajin nan, opa.

Shekara da shekaru ina kawo miki ɗalibai, ba ki taɓa sallamarmu ba sai mun sha shayi da gurasa mai zafi a inuwar inabin tsakar gida. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan Barno, ɗalibata mai tafiya a keken guragu. Shimfiɗar aure da kakarta ta yi wa ado da allura tana rataye a ɗakin can ciki, ita kuwa ba ta taɓa ganinta ba.

Ginin tsohuwar makarantar addini ce, kowace ƙofa da dokinta na katako mai tsayi har ƙwauri. Kowa kuma ya san ba a taka dokin ƙofa, balle a sare shi. Masu gadi suka matso za su ɗaga Barno su tsallakar da ita.

"Ni ba buhun auduga ba ce," in ji Barno. "Ku shiga, zan jira a nan."

Ba ki lallashe ta ba. Kika zauna kusa da ita kika ce, "'Yata, ki ba ni zuwa kaka. Da hannunki za ki shigar da kanki."

Kika kira kafinta, Usta Ergash. Ya ce, "Opa, in na ɗora zarto a dokin nan, uwata ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba."

"Wa ya ce ka sare? Tsallake shi za ka yi."

Ya ƙera gadar katako da ke bi ta saman dokin ba ta taɓa shi. Kika aro keken guragu kika hau da kanki don gwaji. Gadar ta yi tudu, keken ya dawo da ke da baya cikin tukwanen furanni, ɗankwali ya yi gefe.

"Usta, kashe ni za ka yi?"

"Opa, nauyin shinkafar bikin da kike ci ne, ba laifin katako ba!"

Ya ƙara mata tsawo. A zaunen nan ne kuma kika gane akwatunan gilashi na nuna kayan tarihi sun fi ƙarfin idon wanda ke zaune, kika sa aka rage musu ƙafafu.

Da kaka ta yi muka dawo. Barno ta tura kekenta ƙofa bayan ƙofa, ke kina biye, hannuwanki a baya don kada su yi miki gardama su taimaka. Ta ƙare wa shimfiɗar kallo, sannan ta ce, "Ashe kakata ta fi kowa hannu a ɗakin nan."

Kika share ido kika ce, "Yi a hankali, 'yata, kakannin wasu suna ji."

Allah ya jiƙan ki, opa, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, yayanmu Norkul, da 'ya'yanki Shahzoda da Otabek, da ma'aikatan gidan tarihi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.