Awa Gudan da Ta Ɓata Tsakanin Gidanmu da Lakwal

Wata ranar Litinin ce cikin watan Oktoba, shekarar da na shiga aji uku, ana tsakiyar yankan hatsi. Na doshi lakwal, makarantarmu ta boko, ina tafiyata a natse, allona a hammata, ina jin kaina kamar matar gwamna, domin na duba agogo kafin in fito, na kuma san da sauran lokaci. Sai na tarar da fili wayam. Babu kowa a gindin bishiyar bedi inda aka rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake buga mana, muryoyin yara kuwa sai tashi suke daga cikin rumfar kara. Malaminmu, Mushe Abdu, don mushe muke kiran malamin lakwal, ya dube ni, ya dubi agogon hannunsa, ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na buɗe baki da ƙarfina na ce takwas ba ta yi ba tukuna. Ajin nan ya kwashe da dariya, ni kuwa na ƙare safiyar a durƙushe kan tsakuwa, ina hararar agogonsa a sace, don na rantse a raina ƙarya yake yi.

Agogon da na dogara da shi na babanmu ne. Baba ya tafi biɗa Abijan tun ina ƙarama ƙwarai, kamar yadda mazan ƙasarmu ta Adar suka saba, amma shi tafiyarsa ta yi tsawo, har mata suka fara yi wa Inna irin tambayar nan mai kama da jaje. A daminar wannan shekara ya aiko da agogon ta hannun wani mutumin Dewule, a naɗe cikin ƙyalle, da saƙon a riƙa murɗa masa kunne kowace safiya, amma kada a taɓa hannayensa, shi da kansa ya daidaita shi. Inna ba ta san karatun agogo ba. Ta rataye shi a ƙusa sama da jeren kwanoninta, tana murɗa shi bayan sallar asuba, wani lokaci ta kara shi a kunne ta daɗe tana saurare. Duk macen da ta shigo da tambayarta, agogon ake nuna mata.

Ana nan sai Mushe Abdu ya fara koya mana lokaci. Ya yanka kwalin sukari ya yi faifai, ya rubuta lambobi kewaye da shi, ya kafa tsinke biyu da ƙaya a tsakiya, gajere da dogo. Ya ce gajeren tsoho ne, a hankali yake tafiya, shi ke faɗin awa. Dogon yaro ne mai rawar kai, sai ya zagaye gari duka kafin tsohon ya ɗaga ƙafa sau ɗaya. Abin ya shige ni fiye da kowane darasi. Da can rana nake bi, in inuwar rumbu ta sauka daga kan darni in kama hanya, kuma ban taɓa makara ba. Da na iya karatun agogo sai na raina inuwa. Lokacin kaka ne, mun koma bukkarmu ta gona a bayan tudu, babu yaran da zan ga sun wuce in bi su. In na ji ƙarfen lakwal daga nesa in duba ƙusa, in ga bakwai, in ce wa Inna wasu yara ne ke wasa da ƙarfe, in ci gaba da roron wake ko kai wa awaki harawa. Ilimina ne ya mai da ni makararriya.

Mushe Abdu ya fara zargin ina tsayawa tsinkar magarya a hanya, ya aika cewa in ban daina ba zai cire ni daga aji. Saƙon ya faɗa hannun Baffa Illo, wan babanmu, wanda ke riƙe da gidanmu, mutumin da ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ya nemi abin da ke bayanta. Dama can bai yarda da mushen ba, baƙo ne daga nesa, ga shi ba ya zama hira a bakin masallaci. Baffa ya sa na riƙa karanta masa agogo duk lokacin da aka buga ƙarfe, ya gano ana kiranmu tun bakwai, ana sallamarmu tun sha ɗaya. “Ruwa ba su tsami banza,” in ji shi. “Da sahe shi sace muna awa guda ga gona, da rana shi sace ma gwamnati awa guda. Wanga mutum ɓarawon lokaci na.” Rediyonsa kan faɗi lokaci biyu a jere, Baffa ya riƙe wanda ya yi daidai da namu ya watsar da ɗayan. Ya yanke cewa in ya kama mushen da hannunsa, na bar lakwal ke nan, don ba zai ba maƙaryaci ’yar ƙanensa ba.

Kwanakin nan ban yarda da kowa ba. Na zargi ƙanena da taɓa agogon, na murɗe masa kunne har ya yi kuka, alhali ko ya hau turmi hannunsa ba ya kai ƙusar. Na zargi ’yan ajinmu da haɗa baki. Na riƙa leƙen mushe ko zan ga yana tura dogon hannun da farce. Amma akwai zargin da ya fi ci mini rai, wanda na ji a bakin rijiya, inda wata ta ce mai yiwuwa mataccen agogo aka tsinto a bola aka aiko don a rufe bakin mutane. Na kawo wa Inna maganar, ta ajiye taɓarya ta dube ni. “Ubanku ba shi aiko ƙarya,” ta ce, ta ci gaba da dakanta da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Na rasa inda zan sa kaina. In agogonmu ke da gaskiya na rasa lakwal, in na mushe ne na rasa abin da Inna ke nuna wa mata. Ina son karatu, ina kuma tsoron ranar da Inna za ta sauke agogon nan daga ƙusa.

Rannan Baffa ya ɗaura agogon a hannu, ya tasa ni gaba tun da sassafe, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bedi. Aka buga ƙarfe, ya miƙe ya nuna bakwai, mushe ya nuna takwas. Na ɗauka za a yi faɗa. Mushe Abdu ya kalli agogunan biyu, sannan ya ce in zana kowanne a allona yadda yake, ya roƙi Baffa ya yi haƙuri ya zauna har a tashi. Baffa ya zauna kuwa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Da aka sallame mu na sake zana su, mushe ya ce in ƙirga tafiyar tsohon a kowane agogo. Na ƙirga da yatsu: daga bakwai zuwa sha ɗaya, huɗu, daga takwas zuwa sha biyu, huɗu. Na maimaita don ban yarda da yatsun ba, suka sake ba ni huɗu da huɗu. Babu wanda ya saci komai. Sai mushe ya tambayi Baffa daga ina agogon ya fito, da ya ji Abijan ya yi murmushi, ya ce ai lafiyarsa lau, lokacin can yake faɗi, domin rana tana riga isowa gare mu kafin ta kai musu. Baffa ya ce shi dai rana guda ya san Allah ya yi, ya naɗe buzunsa. Har ya rasu bai ce mushe ya yi gaskiya ba, amma bai ƙara ta da maganar fitar da ni ba.

Da muka koma gona Baffa ya ce mushe ya yi tayin gyara agogon ya dawo lokacin garinmu. Inna ta sa na maimaita mata bayanin, ta tambaye ni ko ke nan abin da agogon ke nunawa yanzu shi ne abin da Baba ke gani a can. Na ce shi ne. Ta karɓe shi daga hannun Baffa ta mayar kan ƙusa. “Kak ku taɓa shi,” ta ce. “Ku bar shi inda mai shi yab bar shi.” Daga ranar na koyi ƙara awa guda a kaina kowace safiya, ita kuma ta sa na yanka mata faifan kwali na koya mata tsoho da yaro. Takan ɗaga kai tana tankaɗe ta ce yanzu ya tashi, ko yanzu yana neman abin kai wa baki. Haka agogon ya zauna a baya har wata bazara da Baba ya sauka daga mota a Buza ya iso gida da ƙafa. Bayan ya sha ruwa Inna ta ciro agogon ta miƙa masa, ta ce to, yanzu ya gyara abinsa.

Yau ni ke koya wa yara agogo, da faifan roba mai launi, kuma yawancinsu sun riga sun ga lambobi a wayar iyayensu, ba su ga dalilin wahala da tsoho da yaro ba. Waya ba ta makara, ba a zarginta, in ka ƙetare iyaka ita ke gyara kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Babban ɗana ma yana Abijan yanzu, yana kira in ya samu sarari. Duk da haka in na dubi wayata da safe sai in sami kaina ina rage awa guda, kamar yadda na taɓa ƙarawa. Wayar ta san ƙarfe nawa, amma ba ta san wanda nake jira ba.