Ba bilicin ba ne

Jiya a gidan suna a Kiru wata mata ta kama hannun yayata ta juya shi, ta ce, "Ke ma da girmanki kin shiga bilicin? Ki ji tsoron Allah."

Ba bilicin ba ne. Ƙwayar kansar jini da take sha ce ta sa fatarta ta ɗashe.

Sai da muka shiga mota Yaya ta ce min, "Hauwa, gara in mutu da baƙina."

Yau da safe na tsinci ƙwayoyin a cikin shara. Na roƙe ta har na gaji.

Don Allah, ku da kuka taɓa jinya, me ake ce wa wadda bakin mutane ya fi mata cutar zafi?