Jirgin Aro

Yana cikin wana agogunan aro, yana kai kowanne kunne kamar mai sauraron numfashin jariri, sai waya ta yi ƙara. Da wannan Baba Mai Agogo yake buɗe shago kullum. Agogunan ba na sayarwa ba ne. In ya ce wa mutum ya dawo Talata, Talata ta zo gyara bai kammala ba, sai ya ɗaura masa ɗaya a hannu. "Riƙe wannan tukuna. Ni na saɓa, ba kai ba."

Yayarsa ce a waya. Gobe da safe za a yi mata aikin ido a wani gari mai nisa, ta kuma rantse ba za ta hau gadon likita ba sai yana kusa.

"Mummunar fuskar nan taka nake so in fara gani, Auta."

"Yaya, ai sai idon ya sake rufewa."

Mota ba za ta kai shi kafin safiya ba, don haka ya sayi tikitin jirgi, na farko a rayuwarsa. Ya zauna a ɗakin jira a kan kujerar ƙarfe mai sanyi, jaka a cinya, har inuwa ta karkata. Daga nan aka sanar an soke tashin. Masu zagi suka yi zagi, masu jan akwati suka ja suka nufi gida. Shi kuwa ya bi layi har gaban ma'aikaciyar kamfanin.

"Baba, ka yi haƙuri. Za a mayar maka da kuɗinka."

"'Yata, kuɗi ba su da fuska. Me yayata za ta gani in an kwance mata ido? Ina na aron?"

"Na aro kuma?"

Ya kwashe dokar shagonsa ya faɗa mata, a tsanake. Ta yi dariya har ta dafe tebur, sannan ta juya ga kwamfuta.

"Wallahi gaskiyarka. Tunda mu muka soke, kana da haƙƙin zaɓi: ko kuɗinka, ko kujera a wani jirgin. Mutane ne ba sa tambaya."

Ta kira ogansu. Oga ya sosa ƙeya, ya ce jirgin da ya rage na wani kamfani ne, kuma da tsada.

"Ranka ya daɗe, ni ma na aron nawa ba na arha ba ne," in ji Baba.

Oga ya dube shi, ya dubi layin da ke sauraro, ya sa hannu.

"Ni ma na aro nake so!" wata mai goyo ta ɗaga murya daga baya. Waɗanda suka kai bakin ƙofa suka juyo da akwatunansu, layi ya sake tsawo.

"Yi sauri, Baba, an fara shiga," in ji ma'aikaciyar, tana miƙa masa sabon tikiti.

Ya gyara hula, ya rataya jaka, ya ɗaga musu hannu kamar wanda ya saba, ya fice ta ƙofar gilashi.