Motar Delmer Marar Ƙofa

Makon da aka binne maigidana, na wayi gari na ga maƙwabcinmu Delmer Stroupe a durƙushe yana gyara min matakalar baranda, ba tare da na roƙe shi ba. Na kawo masa kofi, a tsaye ya sha. Delmer bai iya zama ba. Ko a coci, kafin Fasto ya kai rabin wa'azi yana waje yana zagaya motocin mutane.

Bakanike ne a nan Wilkesboro. Yana saurayi ya ga wata motar tsere, ja da fari, ta shiga ransa. Ta ainihin ta ƙone tuni, sai ya ɗaura aniyar ƙera irinta a garejinsa. Motocin tseren wancan zamani walda ake yi wa ƙofofinsu, ta taga direba yake shiga. Haka ya yi wa tasa. To, kafin ya gama ta, tsufa ya riƙe masa ƙugu, ƙafar ba ta kai taga.

Kullum sai in hango shi yana zagaya ta, ya zura kai ciki, ya fito.

"Kai Delmer," in ji abokinsa Hoyt, "ka ƙera mota ko akwatin kallo? Kawo zarto in buɗe maka."

"Taɓa ta ka gani, tsohon banza."

Bara Allah ya ɗauke shi. 'Yarsa Raylene ta sa motar a gwanjo. Na je, ni da ban taɓa zuwa gwanjo ba. Wani mai gidan abinci, ƙaton ciki gare shi, yana ta ƙara farashi, yana faɗa wa na kusa da shi zai yanka ƙofa yara su riƙa zama ana ɗaukar hoto. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na yi 'yar addu'a, na ratsa mutane na kama hannun Raylene, na raɗa mata abin da na sani.

Ta tsayar da mai gwanjo, ta ce akwai sharaɗi: ba yankan ƙofa. Mai cikin ya ja tsaki ya fita. Wani siririn direba daga garin Hickory ya saya da araha, ya sulale ciki ta taga kamar kyanwa.

Abin da na raɗa mata, Delmer ne ya roƙe ni, ranar da na kai masa miya yana kwance.

"'Yar'uwa Oleta, in sun zo sayar da ita, don Allah kada ki bari su yanka mata ƙofa."