Tela da Taimin Motar Baba

Shekara talatin ina kan keken ɗinki, ban taɓa kiran mai gyara ba. Shi ya sa da Baba ya rasu ya bar tsohuwar motarsa, wadda ta girme ni da shekara biyu, na ce wa ƙannena su bar mini ita. A ganina inji duk inji ne.

Ranar farko na buɗe bonet na goge ko'ina tas. Akwai wani abu mai wayoyi da ke raba wa fulogi wuta, na ga ya ɗan karkace. Ni da ko aljihun riga ba na bari ya karkace? Na sassauta notinsa da sifana, na miƙar da shi, na ɗaure tamau.

Tun daga ranar motar ta fara zafi. Kafin in kai shago ruwan lagireto ya tafasa. Na sauya lagireto, na sauya fanbel, na koma yawo da jarka uku. 'Yan layinmu suka laƙaba mini Mai Shayi.

Ranar da zan kai surukata awon ido, motar ta mutu a tsakiyar gada tana tururi. Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, idona ba ya gani sosai, amma wannan hayaƙin na gan shi."

Aka tura mu garejin wani dattijo, ashe shi ke yi wa Baba gyara. Da injin ya huce ya tayar, ya ɗora masa sukudireba, ya kara kunne.

"Wane marar aikin yi ne ya taɓa taimin ɗin nan? Wuta na zuwa a makare, dole ta yi zafi."

Na ce, "Wallahi Kawu, kanikawan yanzu ba su da tsoron Allah."

Ya shafa wani shuɗin layi da na manta na ja a wurin, ya dubi yatsansa. "Bakaniken naka da allin tela yake aiki?"

Surukata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Dattijon ya mayar da abin nan mai wayoyi a karkace yadda yake, injin ya kwantar da murya. Har asibiti motar ba ta yi ko ɗumi ba.

Yanzu wanki kawai nake mata. Sifanar ma matata ta ɓoye. Kwanan baya dattijon ya kawo wando in rage masa tsawo. Ya tsaya a kaina har na gama.