Jatan Landen Maigidana

Ku ɗan matso kusa, 'yan uwa. Maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce.

Shekarun baya muna zaune a Sharada, maigidana yana aiki a wani kamfanin roba. Da wani injiniyansu baƙo zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa akwatin gilas mai ruwa da ciyayi, da wasu jatan lande jajaye a ciki, kowanne bai kai tsinken ashana ba. Ranar da ya shigo da shi na leƙa na ce, "Malam, wannan kirifish ɗin ai ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba." Ya ce, "Ke dai komai tukunya! Na kallo ne."

Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, sai ga ni ina haddace dokoki. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba musu. Ba a canja ruwan duka, kaɗan ake ɗiba. Soson da ya taɓa sabulu ba ya zuwa kusa. Abinci kuwa ɗan mitsitsi, in ya yi yawa ruwan ya lalace su mutu. Akwai ranar da na ga farin ɓawo a ƙasa na hau salati, ashe riga suke canjawa.

Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi yana kan inji. Aka dawo min da shi hannun dama ba ya motsi, magana tana sarƙewa. Mutumin da ke riga jiniyar kamfani tashi, ya koma kwance yana kallon bango. Abu ɗaya ne ke sa shi ya tashi zaune, akwatin nan. Sai na matsar masa da shi gefen gado. Da hannun hagu mai rawa yake ba su abinci, yana nuna min masu ƙwai. "Ga... mai ciki." Wata rana iyakar abin da zan ji daga bakinsa ke nan har dare.

Damina ta faɗi, kwatocin unguwa suka cika, sauro ya addabe mu. Shi kuma ba hannun kora. Da safe in ga fuskarsa duk tabo. Sai na sayo fiya-fiya, maganin sauron nan na kwalba. Bayan la'asar na fito da Malam tsakar gida, na yayyafa ko'ina har ƙarƙashin gado, na rufe ƙofa da taga. Ga wuta an kawo, ɗan injin da ke hura wa jatan landen iska a akwatin yana ta aiki. Wallahi hankalina bai kai can ba. Har daɗi nake ji na yi dabara.

Washegari duk suna kwance a ƙasan ruwa, ko ɗaya ba ya motsi. Ya daɗe yana kallo. Can ya ɗaga hannun hagun ya ce, "Ni ne. Hannun nan. Na zuba... da yawa."

Da hantsi abokin aikinsa ya zo dubiya. Da na raka shi soro ya tsaya ya ce, "Matarmu, ba warin fiya-fiya na ji a ɗakin nan ba?" Na ce eh. Ya ce, "Innalillahi. Ai abin da ke kashe sauro yana kashe su. Injin ne ya zuƙi iskar ya kai musu."

Na ce, "Don Allah kada ka faɗa masa."

Ya ce, "Ba ni zan faɗa ba. Ke ce."

Na yi niyya fa. Kullum sai in ce bari ya ɗan samu sauƙi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada ya kalle ni yadda yake kallon hannun nan. Ya hana a sake zuba komai a akwatin. Daga nan ya daina yarda da hannun hagun ma, ko cokali sai na kai masa baki. Ya koma wa bangonsa. Kafin wata damina Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwanansa ne ya ƙare. Mutuwar jatan landen ma na yafe wa kaina, rashin sani ne, kuma don shi na yi. Shirun ne ya ƙi barina. Ya tafi yana zargin hannu ɗayan da ya rage masa, ni kuwa ina zaune gefensa ina ba shi kunu, na san ba laifinsa ba ne.

Ku gaya min tsakani da Allah, da ku ne a wurina, da kun faɗa masa?